Ranar da na goge tsohon kanel

Ni ɗan mace ne a gidan kakanmu na Birnin Kebbi. Inna 'yar gidan ce, aka kai ta aure Argungu wurin manomin shinkafa, can aka haife ni, can na tashi da laka a ƙafa. Shekara biyu bayan rasuwarta na gama sakandare, Baba ya sa ni a mota ya ce in je wurin Kawu, yayan Inna, in yi karatun kwamfuta a poli. Gidan Kawu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Kowa a ciki yana karanta Larabci da ajami ba tare da ya tsaya laluben baƙi ba, har matan. Ni kuwa na sauke Alƙur'ani, amma in aka miƙo mini rubutun hannu irin na da, sai in bi shi baƙi-baƙi ina zufa, kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa.

Kawu yana da ɗa sa'ana, wata biyu ne tsakaninmu. Taubashina ne, saboda haka tun ranar da na sauke jakata a zauren bai taɓa kiran sunana ba. Bakabe yake ce mini, in ya so tsokana ya ce ɗan masunta, alhali ya san Baba bai taɓa jan taru ba. Ni kuma na laƙaba masa Alaramma don in ba shi haushi, sai ya riƙa amsawa da fara'a, har 'yan gidan suka ɗauka. Haka yake, duk abin da ka jefe shi da shi sai ya yi masa kyau. Kishinsa nake yi, gara in faɗa tun yanzu. Na daɗe ina ce wa kaina gasa ce irin ta taubasai, amma abin da ke hana mutum cin tuwo don an yabi wani a gabansa ba gasa ba ne.

Abu ɗaya nake da shi a gidan wanda babu mai shi, shi ne kwamfuta. Bayan poli na samu aiki a wani ofishin gwamnati ina kula da na'urorinsu, na yi aure, na kama haya kusa da gidan Kawu. A lokacin ne idanun Kawu suka fara rauni, har ya daina iya karanta littattafan da mahaifinsa ya rubuta da hannu. Ni na kawo shawarar a ɗauki hotonsu a sa a kwamfuta, inda za a iya buɗa rubutun ya yi girma. Na samo tsohuwar sikana a gwanjo, babba mai nauyi, na ɗora tsarin Linux a kan wata tsohuwar kwamfuta saboda kyauta ne kuma ba ya raina tsohon inji. Ranar da Kawu ya ga rubutun ubansa ya cika allo, kowane baƙi kamar ɗan yatsa, ya daɗe yana kallon sa. Daga baya ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan ƙanwata." Na fi wata ina maimaita maganar nan a raina in ina kan babur.

To, amma littattafan nan fallaye ne warwatse cikin gafaka, babu lambar shafi, sai kalmar da ake rubutawa a gindin kowane falle don ta nuna farkon na gaba. Ni ba na iya jera su. Dole Alaramma ya riƙa zama gefena yana miƙo mini su bi da bi. Yana zaune yana tambaya, mene ne wannan, don me ka buga wancan. Ni kuma ina koya masa da ɗagawa, don karon farko ke nan da na san abin da bai sani ba. Ban lura ba sai da shekara ta zagayo na ga ya iya baƙin allon nan da ake buga umarni a ciki. Abin da ya fi ni da shi, in kwamfuta ta yi ƙorafi, ni layin farko nake dubawa in ce na gane, shi kuwa sai ya karanta har ƙasa, a hankali, yadda yake karanta sharhi a gefen littafi.

Wata rana na dawo daga ofis na tarar da baƙi a zaure, Kawu yana nuna musu aikin. Na ji ya ce, "Yaran ga biyu su ka yin shi." A da ɗan ƙanwata yake cewa. Na gaishe su, na sha ruwa, na fita ta baya. Ba a jima ba kuma na fahimci in kwamfutar ta ƙi tashi ina wurin aiki, Kawu ya daina cewa a jira ni.

Ana nan sai maganar littafin Argungu ta taso. Akwai wani littafi na kakanmu da rabinsa kawai ke gidan. Ɗayan rabin yana hannun wani dattijo a Argungu, tsohon ɗalibinsa, wanda ya karɓa don ya kwafa, kafin ya mayar kakanmu ya rasu, shi kuma ya riƙe abinsa ya ce amana ce tsakaninsa da malaminsa. Kawu ya yi shekaru yana lallashinsa. Daga ƙarshe ya yarda, amma da sharuɗɗa. Littafi ba zai bar zaurensa ba. Ba za a shiga da waya ba, don an taɓa ɗaukar hoton wani littafinsa da waya ya tsinci labarin a bakin mutanen da bai sani ba. Kuma rana ɗaya ya ba mu, daga hantsi zuwa kiran la'asar.

Da Kawu ke gaya mana, sai ya juyo wajena ya ce ya tuna yana yaro ya ga mahaifinsa yana rubuta haihuwar 'ya'yansa a bayan fallen ƙarshe na wannan littafin. Ya ce, "Innarka na nan ciki." Inna har ta koma ga Allah ba ta san ranar haihuwarta ba, kuma ba mu da hotonta ko ɗaya mai kyau. Daga wannan rana ban ƙara tunanin sauran littafin ba. Fallen ƙarshen nan nake so, in ɗauke shi da hannuna, in buɗa shi a allo a gaban Kawu, in ga sunan uwata da rubutun ubanta, kuma kowa ya san ni na kawo shi gida.

Saura mako biyu mu tafi na sabunta tsarin kwamfutar gaba ɗaya, daga tsohon zubi zuwa sabo. Babu wanda ya sa ni. Na dai so in yi wani babban abu wanda Alaramma bai taɓa yi ba. Ga wanda bai sani ba, akwai wani sashe a tsakiyar tsarin da ake kira kanel, shi ke magana da ƙarfen kansa, da kibod da firinta da sikana. In aka sabunta tsari sabon kanel yana sauka, amma tsofaffin ba sa tashi, suna nan gefe kowanne da lambarsa, sai in kai ka cire su. In sabon ya ba ka matsala kana iya tayar da kwamfutar da tsoho. Na gama sabuntawar, na ga komai ya yi sumul, na rufe na tafi. Makon nan aiki ya riƙe ni a ofis ban leƙa ɗakin littattafai ba.

Wata yamma muna fitowa daga masallaci Alaramma ya riƙo hannun rigata.

"Bakabe, akwai maganar kanel ɗin ga da nika son mu yi."

Da maganar shinkafa ya ce, da na tsaya. Amma kanel, a bakinsa, a gaban mutane.

Na ce, "Ni za ka koya ma kanel? Wa yan nuna maka inda aka kunna kwamfuta?"

Ya yi dariya ya saki rigar. "To, in ka huce mu yi."

Ban huce ba, shi kuma jarrabawa ta kama a makarantar da yake koyar da Larabci, ya nutse cikin makin takardu. Maganar ba ta sake tashi ba.

Ranar Juma'a, jajiberin tafiya, na shiga ɗakin bayan an sauko daga masallaci don in share wuri saboda sababbin hotuna. Na tarar an riga an sa sikana a kwali, an ɗaure da igiya, an kai but ɗin motar Kawu. Na kunna kwamfuta, na buga uname -r, umarnin da ke nuna kanel ɗin da inji ke tafiya a kansa. Sai ga tsohuwar lamba. Na ɗauka idona ne, na sake bugawa. Ita ce dai. Wani ya mayar da kwamfutar kan tsohon kanel, ya kuma gyara ta yadda kullum da shi za ta tashi, kamar ban yi komai ba.

Na buga dpkg --list na tace jerin ya nuna mini kanel kawai. Huɗu suka fito. A farkon kowane layi akwai baƙaƙe biyu da ke faɗin halin da abin yake ciki. Uku suna da ii, wato suna nan a girke. Ɗaya kuwa, wanda injin ke kai, hi ne a gabansa, ma'ana an ɗaure shi, an ce kada a taɓa. Ban buƙaci a gaya mini hannun wa ba. Na zauna ina kallon ɗan baƙin nan na h, ina jin kamar na dawo gida na tarar wani ya canja mini kwaɗon ƙofa.

Uzuri kuwa ina da shi. Ɗan lungun da ake ajiye kanel ya kusa cika, kwamfutar ma ta yi gargaɗi a kai. Duk wanda ya san aikin zai ce a rage tsofaffi. Na kashe na tayar da ita da sabon kanel, na duba allo, na duba sauti, na duba linzami, komai lafiya. Sai na ba da umarnin cire ukun nan. Kwamfutar ta tsaya ta ce ɗaya a ɗaure yake. Wannan ita ce damata ta biyu ta in tsaya in tambayi Alaramma, kuma na gan ta sarai. Na kwance ɗaurin da hannuna, na sake ba da umarnin, na zauna ina kallon layuka suna wucewa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Sikana ta faɗo mini a rai sau ɗaya, amma tana cikin kwali, kwalin yana cikin mota, makullin motar yana aljihun Kawu, Kawu yana ƙailula. Na ce ai za ta yi.

Washegari bayan mun karya muka kama hanya. Alaramma ke tuƙi, Kawu a gaba, ni a baya da kwamfuta a cinya da batirin da za mu ba sikana wuta a ƙafata. Bazara ce, amma da muka wuce Ambursa fadama kore shar take da shinkafar rani, injinan ban ruwa suna ta ƙara. Kawu ya ce in an gama aiki za mu biya mu gai da Baba. Na ce to. Rabona da Argungu a lokacin ya kai wata biyar, kuma tafiyar ba ta fi awa guda ba.

Dattijon ya karɓe mu a zaurensa, siriri ne, da carbi a hannu. Ya miƙo faifai muka zuba wayoyinmu, ya tura shi ƙarƙashin buzunsa. Sannan ya ɗauko gafakar ya kwance, ya ce shi zai riƙa miƙo falle ɗaya-ɗaya, daga farko, ba tsallake, in an mayar masa da ɗaya ya ba da na gaba. Haka malaminsa ya koya masa, don littafin da ba shi da lambar shafi in ya hargitse ya hargitse ke nan. Na haɗa wayoyin wuta, na kunna komai, na ɗora fallen farko a kan gilashi, na danna.

Fitilar sikana ta kama, amma kanta bai motsa ba. Kwamfutar ta ce ba ta ga wata sikana ba.

Tun a wannan lokacin wani sashe na zuciyata ya san dalili. Amma na cire wayar sikana na mayar. Na canja rami. Na ce batirin ne, na auna, lafiyarsa lau. Na ce zafin but ne ya dame ta, a bar ta ta huce, muka zauna muna kallon ta tana hucewa. Alaramma ya matso ya ce a hankali, "Bari in duba wani abu." Na ce masa aikinsa karɓar takarda ne, ya tsaya a kansa. Ya koma ya zauna. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, ina buga umarnin da na san ba za su yi komai ba, don dai a ga hannuna yana motsi. Kawu ya shiga ba dattijon labarin zamanin da, yana cike shirun, ina jin muryarsa tana ƙara sirancewa. Dattijon yana jan carbinsa, lokaci-lokaci ya dubi inda rana ta kai a bakin ƙofa.

Fiye da awa biyu na ci a haka. Na san abin da nake ƙonawa, kuma na san fallen da nake so shi ne na can ƙarshe. Duk da haka na gwammace mu zauna da in miƙa masa kibod a gaban ubansa.

Rana ta kusa tsakiya Kawu ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Ba ɗan'uwanka shi gwada."

Na tura masa kwamfutar. Umarni biyu kawai ya buga, waɗanda na buga jiya. Jerin ya fito, layi ɗaya da ii, layi uku da rc, alamar abin da aka cire ya bar sawunsa. Ya karanta har ƙasa yadda ya saba. Na jira ya ɗago ya dube ni, na ma shirya abin da zan ce. Bai dube ni ba. Ya juya wajen Kawu ya ce sikanar tsohuwa ce, ɗan shirin da ke haɗa ta da kwamfuta da tsohon kanel kaɗai yake jituwa, kuma tsohon babu shi yanzu, sai an ɗauko wani.

Kawu ya ce, "Birnin Kebbi za a koma?"

"A'a, akwai shi nan cikin gari. Shina ga filas, gidan Baban Argungu."

Filas na sani, ɗan abin nan da ake ajiye bayanan kwamfuta a ciki, amma sai da na ɗan yi jim kafin in gane ubana yake nufi.

Muka bar Kawu da dattijon muka shiga mota. A gida ƙanwata ta ce Baba yana fadama, kuma makullin adakarsa yana wuyansa kamar kullum. Na lura ba ta yi mamakin ganin Alaramma ba, har ta tambaye shi ko ya kawo mata littafin da ya yi mata alkawari. Muka bar mota a inda hanya ta ƙare, muka tattare riguna muka bi kan kunya. Muka hango Baba wajen injin ban ruwa, laka har ƙwauri. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi iyalina, sannan ya dubi Alaramma fuskarsa ta washe.

"Malam, ka zaka ɗaukar irinka?"

"Shi na, Baba. Buƙata ta kama."

Baba ya ciro makullin daga wuyansa yana dariya, ya juyo wajena yana mini bayani kamar baƙo. Ya ce duk lokacin da aiki ya kawo Alaramma Argungu sai ya biyo ya zauna da shi. Bara Alaramma ya tambaye shi don me yake raba irin shinkafarsa gida biyu, rabi a rumbunsa, rabi can tudu wurin ƙanensa, kuma don me yake ajiye tsohon iri alhali an kawo sabo mai yawan albarka.

"Nic ce mai, ruwa na cin gida guda, ba shi cin biyu rana ɗaya. Sabon iri ko, komi anka yabe shi, ban yada tsoho sai nig ga sabon ya shiga rumbu. Sai ga shi ya zaka da ɗan abin ga awa ɗan yatsa, yac ce irin injinku na, in aje mai cikin adaka."

Ni na san wannan. Ina yaro ni nake ɗaukar buhun irin nan a ka in hau tudu da shi gidan Baffa, ina tafe ina ƙunƙuni, ina ganin wahalar banza ce tsoho ya ɗora mini. Ko sau ɗaya ban tambayi dalili ba. Ga ɗan malamai, wanda bai san yadda ake riƙe lauje ba, ya zo ya zauna a inda ya kamata in zauna, ya tambaya, ya ɗauki amsar ya kai ta cikin kwamfutata. Gidan Kawu nasa ne, na haƙura da wannan tuntuni. Ashe har gidanmu ya shiga.

Baba ya miƙa masa makullin, sannan ya ƙara da abin da ya ƙarasa ni. "Ya ce dut abin da yas sani ga injin, kai kak koya mai. Na ji daɗi ƙwarai."

Na ce, "Haka na, Baba."

Kafin mu koma gida, mu buɗe adaka, mu sami filas ɗin a ƙulle cikin tsumma kusa da takardun gona, mu yi azahar, mu dawo zauren dattijon, rana ta karkata. Mayar da tsohon kanel da ɗan shirin sikanar bai ɗauki Alaramma minti goma sha biyar ba. Ya kashe ya kunna, ya zaɓi tsohon, ya turo mini kwamfutar ya koma wurin karɓar takarda. Na danna, kan sikana ya yi gurnani ya fara tafiya.

Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba, amma tsohuwar sikana ba ta san sauri ba, dattijon ma haka. Ya ɗauko falle, ya hure shi, ya miƙa wa Alaramma, Alaramma ya miƙo mini, in ɗauki gaba in ɗauki baya, in mayar, ya duba kalmar gindin, sannan ya ɗauko na gaba. Ina aiki ina satar kallon abin da ya rage a gafakar. Yana raguwa, amma ba yadda nake so ba. Saura falle tara aka kira la'asar.

Dattijon ya ajiye wanda ya ɗauko ya fara daidaita gefen takardun. Kawu ya roƙe shi, da girmansa, ya ce ko bayan salla ne, ko gobe. Dattijon ya ce, "Malam, alkawali munka yi, kuma na cika nau." Kawu ya ce to ko fallen ƙarshe kaɗai, a tsallake sauran. Ya girgiza kai. Ya ɗan yi tunani, ya ce ɗauka dai an gama, amma ba zai hana ɗa ganin rubutun ubansa ba. Ya zaro fallen ya juya bayansa ya riƙe a hannunsa.

Kawu ya matso da fuskarsa har ta kusa taɓa takardar, ya ja da baya, ya ce ba ya ganin komai sai duhu-duhu. Ni na durƙusa. Tawada ce ja-ja da ta koɗe, layuka shida ko bakwai a karkace, ƙanana ƙwarai. Na fara daga sama ina lalube, na gane sunan Kawu, na sauko, na tsallake, ina neman nata. Ina jin na kama baƙaƙe biyu na farkon sunanta, dattijon ya sauke hannunsa ya mayar da fallen ya ja igiyar gafaka. Alaramma yana tsaye a bayana duk wannan lokacin, yana kallo ta saman kafaɗata.

A hanyar dawowa Kawu ya tambayi abin da ya sami injin. Alaramma ya ce sabon kanel ne bai san sikanar ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba dukanta ba, kuma rufin asirin nan ya fi zagi yi mini ciwo. Sai da muka hango Ambursa na ce, "Kawu, ni nig goge tsohon, jiya. Ya ɗaure shi, nik kwance."

Kawu bai juyo ba. Ya ce, "Ka san amfaninai kag goge?"

"Ban tambaya ba."

Ya ce, "Allah shi kyauta." Bai ƙara ba, ranar ko bayanta. Can ya tambayi ɗansa ko ya samu karanta wani abu a fallen. Alaramma ya ce ya karanta duka, ya fara kawo su ɗaya bayan ɗaya da ka, ranar da aka haifi Kawu, da ta ƙannensa maza biyu, da addu'ar da aka yi wa kowanne. Da ya zo kan na Inna sai ya tsaya, ya dube ni ta madubi ya ce, "Wanga na Bakabe na, shi zan ba." Na juya ina kallon fadama. Girman kai bai bar ni na ce ina so ba.

Kawu ya sake aikawa sau biyu, dattijon ya ce sai bayan damina. Bayan damina ya rasu. Littattafansa suka shiga rabon gado, aka ce wasu an kai Augie wurin 'yarsa, wasu an bai wa wani ɗalibinsa da ba a san inda ya koma ba. Mun bi sawu har mun gaji. A kwamfutar, littafin kakanmu yana tsayawa ne a tsakiyar jimla, da kalmar gindi da ke nuna fallen da ba mu da shi.

Kwana uku bayan tafiyar na shiga ɗakin littattafai na sami takarda a ninke ƙarƙashin kibod. Alaramma ya rubuta mini da boko, don ya san gwanintata a ajami. Ya ce kakanmu ya rubuta an haifa masa 'ya mace ranar Alhamis da hantsi ana ruwan sama, bayan maza uku, kuma ya daɗe yana roƙon Allah mace. Sai addu'a, Allah ya raya ta, ya sa 'ya'yanta cikin masu riƙon littattafan gidan nan.

Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, na yi kuka yadda ban yi ba tun ranar jana'izarta. Sai da na share fuska wani tunani ya shigo mini, kuma har yau bai fita ba. Addu'o'in da ya kawo a mota, na Kawu da na ƙannensa, duk gajeru ne, Allah ya raya, Allah ya yi albarka. Wannan kaɗai ke da ƙarin maganar 'ya'ya da littattafai. Mai yiwuwa haka kakanmu ya rubuta, don ita kaɗai ce mace. Mai yiwuwa kuma Alaramma ne, da ya daɗe da gane ciwona, ya ƙara mini layi ɗaya daga wurinsa. Hanyar da zan bi in tabbatar ita ce hoton fallen, shi kuwa ni na hana a ɗauka.

Ban tambaye shi ba, kuma ba na jin zan tambaya. In ya ce kakanmu ne, maganarsa ce dai zan riƙe. In ya ce shi ne, ban san inda zan sa kaina ba. Yanzu duk kwamfutar da na sabunta, ta ofis ko ta gida, sai na jera kanel ɗinta na duba, na bar tsofaffi biyu, kuma ba na cire ko ɗaya sai na haɗa duk wata na'ura da ke aiki da ita na ga ta motsa. Ina zuwa Argungu duk ƙarshen wata, filas ɗina yana cikin adakar Baba kusa da nasa. Takardar tana aljihun gaban rigata, ninkinta ya fara yagewa. Duk lokacin da na so in tuna ranar da aka haifi uwata, rubutun hannun Alaramma nake buɗewa in karanta, kuma ko a boko rubutunsa ya fi nawa kyau.